Maɓallin da Malam Ya Ɓoye a Mota

Malam ya rasu ya bar mana abu biyu da za a iya nunawa da yatsa: kangon gida a Inkil wanda aka kai linta ba a rufa ba, da tsohuwar motarsa ruwan toka da ke ajiye a tsakar gidan da muke haya a Yelwa. Sai ni, sai yara uku. Ni malamar firamare ce, albashina kuwa kada ma a tambaya. Ina fita takaba mai gidan hayar ya aiko da gaisuwa, a gindin gaisuwar kuma ya ce ɗansa zai yi aure, yana son wurinsa kafin damina. Ban ga laifinsa ba, ya yi mana haƙuri. Wan Malam, wanda duk muke kira Yaya, ya tara dangi aka zauna. Inna, mahaifiyarsu, ta ce ta yafe wa jikokinta nata kason. Aka tsaya a kan magana ɗaya: a sayar da motar, a sayi katako da kwano, a rufa kangon mu koma. In motar ta tafi a banza, ruwan farko a titi zai same ni da yara.

Ban iya tuƙi ba, har yau. Abin da na iya shi ne in tayar da ita. Malam malamin gona ne, ƙauyuka yake shiga, kuma tun da aka ƙwace motar wani abokin aikinsa a hanya ya kai tasa wurin mai gyaran wayar mota aka sa mata abin da suke kira sikiriti. Wani ɗan maɓalli ne a ƙarƙashin kujerar direba, ta wajen ƙofa, a bayan ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. In ka tayar da motar ba ka danna shi ba, za ta tafi lafiya ƙalau na 'yan mintoci, sai ta yi tari ta mutu, kuma ko aljani ne kai ba za ta sake tashi ba. Ranar da ya nuna mini, hannuna ya kama ya kai wurin. Ya ce, "Ko da ciwo zai kama ni a hanya. Daga ni sai ke. Ko Yaya kada ki gaya wa, kin san bakinsa ba ya riƙe miya." Na yi dariya na ce to mai asiri.

Bayan rasuwarsa bakaniken unguwa ya ce a riƙa ɗumama ta kada batir ya mutu. Ni na ɗauki aikin. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in buɗe, in ɗosana a bakin kujerar, don Malam dogo ne, ya tura ta baya har ƙarshe, ni kuma na hana kowa ya matsar da ita. Ƙamshin turarensa na nan, da hularsa ta zuwa gona a kujerar baya. In murɗa makulli, in zura hannu in danna, in zauna ina jin ƙugin injin. Wani lokaci in yi masa magana. Wani lokaci faɗa ma nake yi masa, in ce ka ga abin da ka bar ni da shi ko?

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Malam yana da irin hon ɗin da yake yi in ya shawo kwanar layinmu dab da magariba, ɗan gajere, kamar mai gyaran murya. To ban daina jin sa ba. Ina tsaye a bakin murhu, motar tana gabana a tsakar gida a rufe, sai in ji shi daga bakin layi. Na ce kunnena ne. Amma ranar da autata ta ajiye kofinta ta ruga bakin ƙofa tana cewa Baba, sai da na zauna a ƙasa. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, amma kuma kullum in magariba ta gabato sai in rage wutar murhu don kada in rasa shi.

Da dillalai muka fara, kuma Allah ya isa tsakanina da wasu daga cikinsu. Yaya ya yi wa ɗaya magana, kafin azahar an cika mana gida. Wannan ya harbi taya, wancan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kara kunne kamar mai sayen kankana, ya ce an taɓa buga ta. Na ce a gidan uban wa aka buga ta? Yaya ya ce, "Malama, a yi haƙuri, haka ciniki yake." Washegari wani ya zo shi kaɗai ya taya ƙasa da na jiya, jibi wani ya taya ƙasa da shi, kowa yana girgiza kai yana cewa motar mamaci ba ta da kasuwa. Sai ran nan ina dawowa daga makaranta a keke na hango su duka a benci ɗaya a bakin titi suna shan rake. Ashe bakinsu ɗaya, so suke mu gaji. Babbansu kuma ya dawo ya ce mu kai ta filinsa mu bar masa da takardunta na asali, in an saya zai kira mu. Na ce albarka, takardu suna ƙasan akwatina, nan za su kwana. Wani yaro mai matsattsen wando ma ya zo ya nuna mini wayarsa wai ya tura kuɗi, ga alat ya shigo tawa wayar, in ba shi makulli. Na ce mu je banki tare in ji daga bakinsu. Ya ce bari ya ɗauko katin shaidarsa a gida. Har yau yana ɗaukowa.

Duk waɗannan na gane su, don da fuskar ciniki suka zo. Wanda ban gane ba da fuskar ta'aziyya ya zo.

Muryarsa na fara sani. Lokacin zaman makoki maza suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, tagar ɗakina kuma tana kallon wurin. Cikin masu addu'a akwai wata murya mai sanyi, ba ta sauri, da ta zo kwanakin nan duka. Kowa na cewa Allah ya jiƙansa ya wuce, shi kuwa sai ya ce, "Allah ka yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata wa mutane fuskarsa, ka tsaya wa waɗanda ya bari a inda shi zai tsaya musu." Ranar da na fara jin wannan, a nan na yi kukan da ya ƙi zuwa tun da aka fita da shi.

Saboda haka da wani dattijo ya yi sallama wata ranar Asabar bayan azahar, Yaya yana nan, na ji muryar daga ɗaki, nan take na gane ta. Gajere ne, farin gemu, farar riga mai tsabta ba ta alfahari ba, da carbi. Ya sake yi mana gaisuwa. Ya ce ya san Malam a wajen aikin gona, Malam ne ya koya masa feshin masara. Ya faɗi yadda Malam ba ya cin goro amma kullum yana da shi a aljihu don tsofaffi. Ya faɗi yadda yake cire takalmi in zai shiga gonar mutum. Duk gaskiya ne. Hawaye ya zubo masa har cikin gemu, na gani da idona. Sannan ya ce ya ji dillalai suna wasa da hankalinmu, abin ya hana shi barci. Yana neman mota don kai iyali asibiti da gona, kuma gara kuɗinsa ya shiga rufin marayun Malam da ya shiga aljihun wani. Abin da muka faɗa bai rage ko sisi ba.

"Sai dai in ɗan taka ta, Malama, in ji lafiyar giya. In Allah ya kai mu Litinin mu haɗu a banki."

Ni da na kori mai matsattsen wando, ban tambayi wannan ko sunan unguwarsa ba. Yaya ma bai tambaya ba. Wa zai dubi dattijon da ya zauna makokin ɗan'uwansa ya ce masa kai wane ne, ina katinka? Ai abin kunya ne. Abu ɗaya na yi. Da ya miƙo hannu karɓar makulli na ce, "Baba, bari in tayar muku, tana da gardama." Na shiga, na tayar, na sunkuya kamar ina gyara zanena na danna. Na ja Yaya gefe na ce ya bi shi, kuma don Allah kada su kashe ta sai sun dawo. Ya ce to, a zatonsa batir ne.

Ina tsaye dattijon ya shiga, ya sa hannu ƙasa ya ja kujerar gaba. Ƙarar da ƙarfen ya yi har cikin haƙorana na ji ta. Wata da watanni ina tsaron wurin zaman nan, ya tafi a ja ɗaya. Na juya na shiga ɗaki kada a ga fuskata.

Sauran labarin daga bakin Yaya na ji shi. Sun zaga gari, dattijon yana tuƙi a hankali yana ba shi labarin Malam. Suna kan hanyar da ta bi ta wajen barikin Shadawanka aka kira la'asar. Dattijon ya ce, "Alhaji, ciniki ba ya gaban salla." Ya tsaya a wani masallaci na bakin titi, ya kashe mota, ya sa makulli a aljihu. Yaya ya tuna maganata, amma me zai ce? A bar mota tana ƙugi a ƙofar masallaci? Ko ya ce wa mai farin gemu ba ni makullin kafin mu yi salla? Suka yi alwala tare. Da aka tayar, dattijon ya dafa kafaɗarsa ya tura shi sahun gaba, shi ya tsaya a baya wajen ƙofa.

Yaya ya ce goshinsa na ƙasa a sujada ya ji tashin injin. Ya san muryar motar ƙanensa kamar yadda ya san tarinsa. Ya ji ta ja baya, ya ji ta hau kwalta. Ya ce, "Malama, wallahi na ji, kuma na kasa ɗagowa. Ban taɓa yanke salla ba tun da na yi wayo." Da liman ya sallame ya waiwaya, sahun baya akwai gurbin mutum ɗaya.

A acaɓa ya iso gida, babu hula. Babban mutum, mai jikoki, ya durƙusa a tsakar gidana yana cewa ya kashe marayu. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, amma ba irin sanyin da yake zato ba. Na ce, "Yaya, ya kashe ta kafin ku shiga masallaci?" Ya ce e, ki yafe mini. Na ce, "Tashi. Ba ta yi nisa ba."

Ya dube ni kamar na zautu. Na yafa mayafi muka tari keke, muka je masallacin, muka miƙe ta inda masu shago suka ce ta bi. Ba mu yi wata tafiya ba muka hango ta a gefen titi, ta ɗan karkace, ƙofar direba a buɗe, bonet a ɗage. Wani mai faci da ke wurin ya ce wani tsoho ne, ta mutu masa, ya yi ta murɗa makulli, ya buɗe gaba ya leƙa, sannan ya ce a duba masa ita zai je ya kira bakanike. Ya ce har addu'a tsohon ya yi masa kafin ya hau acaɓa. Makullin na jiki. Hular Malam tana kujerar baya inda take.

Na ce wa Yaya da mai facin su rufe bonet su ɗan ba ni wuri. Na shiga na zura hannu. Da kujerar ta matsa gaba sai da na lalube kafin na same shi. Na murɗa, ta tashi tun a bugun farko. Yaya ya ja da baya yana salati. Bai tambaye ni ba. Na san abin da ya ɗauka a ransa, kuma ban ga dalilin gyara masa ba, don ni ma abin da na ɗauka ke nan: mutumin nan yana kwance a maƙabarta ya miƙo hannu ya tsayar da motarsa.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan muka shiga tambaya. Abokan aikin Malam suka ce sun gan shi a makoki, sun ɗauka kawunmu ne. Dangi suka ce sun ɗauka daga ofis yake. 'Yan unguwa suka ce ai tare da mutanen ƙauye ya zo, mutanen ƙauye suka ce a nan suka tarar da shi. Kowa ya ba shi hannu, kowa ya matsa masa a tabarma, ya ci abincin sadaka. Labarin goro da na cire takalmi duk a rumfar nan ya tsince su, daga bakin masu yabon mamaci. Ya zauna yana jan carbi yana haddace mijina. Sannan ya yi haƙuri har na fita takaba.

Abin da ya fi damuna ba satar ba ce. Addu'ar ce. Na yi ƙoƙarin in yar da ita na kasa. Har yau in na ɗaga hannu zan roƙa wa Malam, kalmomin ɓarawon nan ne suke fara zuwa bakina, da muryarsa, da inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi. Na tambayi wani malami, ya ce addu'a ba ta da laifin wanda ya fara yin ta. Na yarda da shi. Amma hawayen fa? Na gan su. Na kan zauna ina tunanin ko a makoki nawa ya zubar da irinsu, da ko yanzu haka yana zaune a wata rumfar, an matsa masa a tabarma.

Na mayar da kujerar baya da kaina. Ta tafi har ƙarshe, amma ban san ko daidai nan Malam yake barinta ba. Kullum sai in ga kamar da saura kaɗan.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da mai sayen gaskiya ya zo. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa mu, mijin yayarta ne, tsohon soja daga kudancin jiha da ke da shagon kayan masarufi kusa da bariki. Ya zo da matarsa da bakanikensa. Bai yi kuka ba, bai san Malam ba, bai ma yi kamar ya san shi ba. Ya ce, "Madam, motan yana da kyau, amma salansa ya gaji," kuma gaskiya ya faɗa, bututun hayaƙin ya tsufa. Na ji daɗin rashin daɗin bakinsa. Wannan karon na zama marar kunya: na karɓi katinsa na duba, na sa Yaya ya je ya ga shagon da idonsa, gwaji kuma bakanikenmu ne ya tuƙa, shi yana gefe. Ya rage, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Muka je banki da rana tsaka, sai da ma'aikaciyar ta tabbatar mini da bakinta kuɗi sun zauna. Aka rubuta yarjejeniya gaban shaidu, aka je aka sauya sunan mai mota, kada gobe a yi ɓarna da ita a zo neman mamaci. Shi da kansa ya ce haka ya fi.

Saura abu ɗaya, kuma na kai shi har ranar ƙarshe. Sun zo ɗauka da yamma. Na fitar da hular, na share ciki. Ya karɓi makulli zai shiga, na ce ya dakata. Ba a sayar wa mutum abu a ɓoye masa halinsa, kuma in na yi shiru a tsakiyar titi za ta mutu masa da iyalinsa.  Ba zan iya sunkuyawa da namiji a ƙofar mota ba, sai na kira matar. Na ce, "Maman yara, zo ki gani." Muka durƙusa tare. Na kama hannunta na kai ƙarƙashin kujerar, ta wajen ƙofa, bayan ƙarfe, na ɗora yatsanta a kai. Na gaya mata yadda yake aiki. Na ji bakina yana cewa, "Daga ke sai shi." Ta dube ni, ba ta saki hannuna da wuri ba. Ta ce, "Shi ya nuna miki?" Na ɗaga kai.

Suka fita, Yaya ya rufe ƙofar gida ya tafi masallaci. Ni na tsaya a bakin layi. Na san iya lokacin da take ɗauka kafin ta yi tari, jikina ya san shi. Na tsaya ina jira, wai ko sun manta, ko yatsan ya kuskure, ko za a aiko a ce Madam zo, motan ya mutu. Lokacin ya zo ya wuce. Masu keke suna ta wucewa, mai ƙosai ta fara hura wuta. Ba wanda ya dawo.

An rufa gidan Inkil. Kafinta yana buga ƙusar ƙarshe ana yayyafi, ruwan farko mai ƙarfi kuma a ƙarƙashin kwanonmu ya same mu, yara suna ta tsalle suna ihu don ba sa jin muryar juna. Na gode wa Allah, kuma ina godewa.

Hon ɗin ne ban ƙara ji ba. Tun yammar da na ɗora yatsan matar nan a wurin, ko sau ɗaya. Na yi zaton sauƙi zan ji. Autata ma ta daina rugawa ƙofa, ta girma, ta ce ba ta tuna ta taɓa yi. Ni dai har yanzu in magariba ta gabato sai in ga hannuna ya rage wutar murhu.